Tsohon takobi da bindigar gado: yadda ake gane na gaske da yadda ake adana shi

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya ka shiga gidan sarauta ko na tsofaffin mafarauta ka rasa takobi. Wani yana rataye a soron maigida, wani an cusa shi tsakanin azara, wani kuwa sai ranar rabon gado ake ganinsa, an zaro shi daga bayan akwati kube ya sha ƙura. Abin da kan biyo baya shi ne a miƙa wa yaro ya dirje shi da yashi da toka, ko a kai wa mai walda ya ɗora masa injin gurza ƙarfe. Cikin minti goma sai ya dawo yana ƙyalli kamar sabon cokali, an kuma kankare duk abin da zai faɗi shekarunsa. Saboda haka kada a wanke, kada a wasa, kada a gyara komai sai an gama dubawa.

Kayan dubawar ba su da yawa: farin tsumma na auduga, tocila, tef ɗin tela, ɓarin lemon tsami, man keken ɗinki, waya mai kyamara, takarda da biro. A shimfiɗa tabarma a inuwa da hantsi, inda haske ke shigowa a kaikaice. Hasken tsakar rana yana kashe ido a kan ƙarfe, ba a ganin ƙananan tambura.

Wajen zarewa, riƙe kuben daga bakinsa da hannun hagu, ka ja mariƙi a hankali a miƙe, kaifi yana kallon nesa da kai. In ya ƙi fitowa, kada a kira ƙato ya fizga. Ko dai tsatsa ta manne ruwan takobin, wato ƙarfen mai kaifi, da cikin kube, ko kuma hunturu ya busar da fatar ta tsuke. In tsukewa ce, a ajiye shi kwana biyu ko uku a ɗakin da aka girke kwanon ruwa kusa da shi, fatar za ta ɗan saki. In tsatsa ce, a ɗiga man keke kaɗan ta bakin kube, a jingine shi tsini ƙasa ya kwana, a riƙa girgiza mariƙin gefe da gefe da ɗan ƙarfi kaɗan. Fizga takan raba mariƙi da ruwa, ko ta farke ɗinkin kube daga sama har ƙasa.

Wani abu da mai dubawa zai sa a ransa: takobi ɗaya shekaru iri uku gare shi. Ruwan yana da nasa, mariƙi yana da nasa, kube yana da nasa. Fata ba ta kai ƙarfe kwana, don haka gidan da ke hawa da takobi duk sallah yakan kai wa baduku ya sake kube, wani lokaci maƙerin fari ya sake mariƙi. Ba aibu ba ne ka samu ruwa mai shekara ɗari biyu a cikin kuben da bai kai shekara talatin ba. Aibun shi ne a sayar maka da sabon ruwa a tsohon kube. Kowanne a duba shi shi kaɗai.

Ruwan takobi

Ruwan da ake samu a ƙasar nan ya fito ne daga wurare huɗu, kuma sanin su shi ne rabin aikin.

Akwai wanda aka shigo da shi ta hamada daga Turai. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana kawo ruwan takubba da yawa kasuwar Kano, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus, a nan kuma ake yi musu mariƙi da kube. Akwai wanda maƙeran gida suka ƙera da ƙarfen da aka narko daga tama. Akwai na bayan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, lokacin da ƙarfen Turawa ya wadata, maƙera suka bar wahalar narka tama suka koma kan guntayen ƙarfe, daga baya kuma kan sufirin mota. Sai na huɗu, na ado, wanda ake yankowa daga fallen ƙarfe don sayar wa baƙi da angwaye.

Fara da awo ka rubuta. Takobin da aka saba gani miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawon ruwansa yawanci tsakanin santimita 75 zuwa 85, faɗinsa a gindi wajen santimita 4 zuwa 5, ban da masu faɗin gindi sosai da ake cewa fate-fate. Sannan ka kama kaurin ruwan da yatsa biyu a gindi, ka bi da su har tsini, da tsumma a hannunka. Ruwan da aka ƙera don sara yana da kauri a gindi, yana sirancewa a hankali har ƙarshe. Wanda aka yanko daga falle kaurinsa ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, shi ya sa in ka ɗaga shi za ka ji nauyi ya rinjaya gaba kamar ka ɗauki sanda mai dutse a baki. Wannan gwajin kaɗai yana fitar da yawancin na ado.

Sai layukan kwarmi da ke bin tsawon ruwan. Tsofaffi suna kiran mai layi uku tamogashi, wanda ba shi da layi ko zane kuwa dunhu. A nan tocila ke aiki: kwantar da ita a jikin ƙarfen, hasken ya bi kwarmin. Kwarmin masana'antar Turai miƙe yake, zurfinsa bai ɗaya, na tsakiya ya fi na gefe tsawo, kuma ƙarshensa yana ɓacewa a hankali. Na maƙerin gida da aka kankare da hannu yana ɗan karkacewa, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama. Wannan ba ya rage masa daraja in tsoho ne, shaida ce kawai ta inda aka yi shi. Wanda za a guda shi ne kwarmin injin gurza: cikinsa cike da ƙananan zane masu lanƙwasa iri ɗaya, farkonsa da ƙarshensa kuma a datse, inda aka ɗora faifan injin da inda aka ɗaga shi.

Tambura su ne abin da masu sayarwa suka fi nunawa, su ne kuma suka fi yaudara. Wanda aka fi gani shi ne jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, suna nan daidai inda layukan gefe suka ƙare. Akwai kyarkeci mai gudu, wanda asalinsa tambarin garin Passau ne, maƙeran Solingen suka ara, akwai zaki, akwai ƙwallo mai gicciye a kai. Matsalar ita ce maƙeran Afirka ma sun daɗe suna kwaikwayon waɗannan alamu, domin mai saye ya saba ɗaukar su shaidar nagarta. Don haka ganin wata biyu bai isa a ce ruwan na Turai ne ba. Duba yadda aka sa shi. Tambarin masana'anta bugu ɗaya ne da hatimin ƙarfe, gefunansa a tsaftace, na wannan fuska da na waccan kusan tagwaye ne. Na kwaikwayo an sassaƙa shi da kurfi bugu-bugu, in ka ɗauki hotonsa da waya ka faɗaɗa za ka ga layin a yayyanke. Sannan ka dubi cikin tambarin: in jikin ruwan ya yi duhu ya sha shekaru amma cikin tambarin fari ne tas, jiya aka buga shi. Tsohon tambari yana lalacewa tare da ƙarfen da ke kewaye da shi, wani ɓangarensa ma ya shafe saboda yawan goga.

Wasa ma yana magana. Takobin da aka yi shekaru ana amfani da shi, kashi biyu cikin uku na gabansa ya rame saboda dutsen wasa, tsininsa ya zama zagaye, gindin kuwa yana nan da faɗinsa ba kaifi. In ka hango shi ta tsawo za ka ga gefen ba ya tafiya a miƙe sak, yana ɗan shiga yana fita. Hannu ne ya yi wannan a hankali, inji ba ya kwaikwayonsa da kyau.

Gwajin lanƙwasawa ana yinsa, amma da tausayi. A dafa tsini a kan katako, a danna kaɗan, kamar faɗin yatsa uku, a saki. Ƙarfe mai kyau da aka ƙona aka tsoma yadda ya kamata zai koma miƙe nan take. Baƙin ƙarfe mai laushi zai tsaya a karkace. In akwai ramukan tsatsa masu zurfi ko wata tsaga, a bar wannan gwajin gaba ɗaya, domin a ramin yake karyewa, kuma takobin mutane ne. Tsaga iri biyu ce: wadda ke bin tsawon ruwa kamar gashi, sau da yawa tun daga ƙira take, inda aka ninke ƙarfe bai gama haɗuwa ba, ana samunta a ƙirar gida kuma ba ta da haɗari sosai. Wadda ta taso daga kaifi ta nufi tsakiya ita ce mugu, wannan ruwan ya gama aiki, sai dai rataya.

Ƙarfe mara tsatsa

Nan ne ake kama ƙarya mafi sauƙi. Za a nuna maka takobi fari fat, ba ɗigon tsatsa, a ce da shi aka yi Yaƙin Basasa na Kano na 1893, ko yaƙin da Haɗeja ta yi da Turawa a 1906, a ƙara da cewa tsabar kyan ƙarfen ne ya hana shi tsatsa. Ƙarfe mara tsatsa bai zo duniya ba sai 1913, lokacin da Harry Brearley ya haɗa shi a Sheffield ta Ingila, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya zama abin da kowa ke samu. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, wanda ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ko fiye, shi ke yin wata fata marar ganuwa a jikin ƙarfen ya hana iska da ruwa cinsa. Duk ruwan da aka yi da irin wannan ƙarfe, Turawa sun riga shi shiga Kano, tun da su a 1903 suka shiga.

Mutane suna gwadawa da mayen ƙarfe, suna cewa in ya kama to ba mara tsatsa ba ne. Wannan gwajin rabi ne. Irin da ake yin tukwane da kwanuka da shi ne mayen ƙarfe ba ya kamawa sosai. Irin da ake yin wuƙaƙe da shi yana kamawa daram. In bai kama ba, ka gama, sabo ne. In ya kama, ba ka san komai ba tukuna.

Lemon tsami ya fi. Nemi izinin mai abu, ka goge wuri kamar girman ƙwayar wake can gindi kusa da makarin hannu, wato ƙarfen da ya gitta tsakanin ruwa da mariƙi, ya rabu da maiƙo, ka ɗiga ɗigo ɗaya. Bayan minti uku zuwa biyar ka share, ka wanke wurin da ruwa, ka busar, ka shafa mai. Ƙarfe na da zai bar tabo mai launin toka. Mara tsatsa ba abin da zai nuna. Saura abu ɗaya: ƙarfen da aka yi wa rufin kurom, irin na tsohuwar bambar mota, shi ma ba ya tabo. Ana gane shi da ƙyallinsa mai ɗan shuɗi kamar madubi, da yadda yake ɓarewa a bakin kaifi tsatsa na fitowa ta ƙarƙashi. Shi ma wannan rufin sai a shekarun 1920 ya shiga kasuwa, don haka hukuncinsu ɗaya.

Tsohuwar tsatsa da ta ƙarya

Ƙarfen da ya tsufa a ɗaki launinsa toka-toka ne zuwa baƙi, da dabbare-dabbare, santsi a hannu, ba ya ɓata farin tsumma. Duhun ya fi yawa inda hannu ba ya kaiwa: cikin kwarmi, da gindin makarin hannu. Wannan duhun shi ne shaidar shekaru, kuma yana kare ƙarfen. Shi ake so a bari.

Masu tsufar da sabo suna binne shi a danshi da gishiri, ko su shafa masa ruwan batir. Abin da ke fitowa jar tsatsa ce mai gari, ta rufe ko'ina bai ɗaya, tana bin tsumma. Ramukanta ƙanana ne iri ɗaya masu kaifin baki. Haska tocila can ƙarƙashin makarin hannu: in waje ya ci tsatsa amma ciki fari ne, an juya al'amarin, domin a tsohon gaske ɓoyayyen wuri ya fi duhu. Ka kuma shinshina. Fatar da aka rataya a madafi don ta yi baƙi tana warin hayaƙi, baƙin kuma yana bin yatsa.

Mariƙi da kube ba sa ɗaukar lokaci kamar ruwa. A tsohon haɗi, wutsiyar ruwan tana ratsa mariƙi ta fito ta ƙarshensa, a daddage kanta da guduma ta baje. In ka ga noti mai zare, ko ɗigon walda, ko gam, haɗin na zamani ne. Haka in ka ga alminiyum ko roba a cikin adon. Tagullar da hannu ya daɗe yana shafa, zanenta ya shafe a wuraren da suka taso, ya rage a lunguna. Riƙe ruwan da tsumma ka murɗa mariƙi kaɗan: ɗan motsi ba komai, fata ce ta bushe. In yana juyawa sosai ko garin tsatsa na zubowa, wutsiyar ta ci, kada kowa ya kaɗa wannan takobin a sama, ruwan zai iya tashi ya bar mariƙi a hannu. Wani lokaci za ka ga falle biyu na ƙarfe an rungume gindin ruwan da su an kafe da ƙusoshi. Tsohuwar dabara ce ta haɗa ruwa da mariƙi, sau da yawa don ceton ruwa mai daraja, ba abin ƙi ba ce.

A kube, dubi ɗinki. Ciro ɗan zaren da ya riga ya sake, ka kusantar da shi ga ashana nesa da kuben: auduga tana ƙonewa ta zama toka, zaren roba yana narkewa ya dunƙule. Jan da aka rina da karan dafi yana komawa ja mai duhu ba ƙyalli in ya tsufa, fentin zamani kuwa yana zama a saman fata yana tsattsagewa. Hamila, wato igiyar rataya takobi, ita ta fi komai saurin sakewa, kada a yanke hukunci da ita.

Labarin takobi ma wani ɓangare ne na darajarsa, kuma shi ya fi saurin ɓata. In na gida ne, a zauna da dattijon da ya rage, a ce, "Baba, wannan na wane ne a cikin kakanni? Wace sarauta ya riƙe? Wa ya ba shi?" A rubuta yadda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, har da abin da ya ce bai tabbatar ba. In a kasuwa ne, ko Kurmi ko Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, kafin a kai ga tayi da albarka a tambaya, "Malam, daga wane gida ya fito?" Wanda ya kasa amsawa, ko ya ce daga fada amma ba ya so a sani, a bar masa kayansa. Ana satar irin waɗannan, kuma mai gida yana gane nasa ko bayan shekara ashirin.

Akwai kuma doka da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ɗauki kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma waɗanda ke da muhimmancin tarihi aka kuma yi amfani da su a bukin gargajiya. Irin waɗannan ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a kuma fitar da su ƙasar waje sai da izininta. Wanda bincikensa ya nuna masa abin hannunsa tsoho ne na gaske, Gidan Makama a Kano ne wurin tambaya kafin dillali. In a gado ya faɗo, ya fi kyau magada su yi masa kuɗi ɗaya ya biya sauran ya zauna a gida. Kuma in za a kai shi wani wuri, a naɗe shi a buhu a ɗaure. Saurayi da takobi a kafaɗa a bakin titi, bayaninsa a caji ofis zai yi.

In bindiga ce aka tarar

Sau da yawa kusa da takobin akwai bindigar toka. Kafin a yi maganar shekarunta, a ɗauka a ɗure take. Mafarauta sukan rataye ta da ɗuri, mai ita ya rasu ba wanda ya sani, albarushi kuwa in ya zauna a bushe yana tashi ko bayan shekara ɗari. Kada a taɓa kunama, kada a ɗaga abin bugun, kada a leƙa bakin, kada a busa. A kori yara, a juya bakin wajen da ba kowa. A zura sandar katako siririya a hankali har ta tsaya, hannu da fuska ba sa gaban bakin, a yi alama daidai bakin bututu. A zaro a jera ta a waje. In ƙarshen sandar ya kai daidai ƙaramar ƙofar da wuta ke shiga, babu komai. In ya rage kamar faɗin yatsa biyu ko fiye, akwai abu a ciki. Daga nan aikin ya koma hannun tsohon ɗan bindigar sarki ko maƙerin da ya san ta. Kada a ce za a harba don a huta, kada kuma a kai ta kusa da wuta ko walda.

Wajen tantancewa, gindin bututu ake dubawa. Bututun Birmingham, inda aka kafa gidan gwajin bindigogi a 1813, yana ɗauke da tambarin sanduna biyu a gicciye da kambi. Na Liège ta Beljiyam yana da haruffan ELG a cikin zagaye mai siffar ƙwai, an kuma ƙara masa kambi a sama daga 1893, wanda ke taimakawa wajen sanin zamani. Na gida da aka yi da bututun famfo ba tambari, kaurinsa ɗaya gaba da baya, wani lokaci ana ganin layin haɗinsa a tsaye. Ko wanne ne, tsohon bututu tsatsa daga ciki take cinsa inda ido ba ya gani, don gishirin albarushi yana jan danshi. Abin ratayewa ne, ba na hawan sallah ba.

Ita ma tana da doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu, kuma wajen 'yan sandan jiha ake neman izinin riƙe su. Ƙaramar bindigar hannu mai juyi kuwa, irin wadda akan tsinta a akwatin tsohon soja, tana cikin rukunin haramtattu. A Amurka akwai masu tara irin waɗannan. A nan ba abin tarawa ba ce, tsufanta ko lalacewarta ba sa wanke mai ita. A bar ta inda take, a sanar da mai unguwa ko dagaci, a tafi tare wajen 'yan sanda.

Tsaftacewa da ajiya

Bayan an ɗauki hoto an rubuta komai, abin da za a cire jar tsatsa mai rai ce kawai. A shafa man keke a jikin ruwan, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. A goge da tsumma mai kauri, ana bin tsawo, ba a zagaye ba. Inda tsatsa ta yi ɓawo, a kankare da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, wanda ya fi ƙarfen laushi, yana ɗaga ɓawon ba ya karce abin da ke ƙasa. Jan zanen da kwabon ya bari mai yana ɗauke shi. A maimaita sau uku ko huɗu cikin mako guda. Da zarar tsumma ya daina fitowa ja, a tsaya, ko da ƙarfen baƙi ne. Ban da samfefa, ban da yashi, ban da toka, ban da jiƙawa a tsami ko ruwan batir. Wanda ya yanke da tsohon ƙarfe ya wanke da sabulu ya je a duba batun allurar tetanus.

Man gyaɗa da manja da man shanu ba su dace ba. Suna daskarewa su yi danƙo, su yi tsami, su kira ɓera da kiyashi. Man keke ko basilin, shafa ɗaya siririya wadda ba ta ɗiga, ta isa. Man kada ya taɓa fatar mariƙi. In tagulla ta yi kore inda ta haɗu da fata, a cire koren da tsinken sakace, a bar sauran duhun.

Fatar kube da bagaruwa aka jeme ta, tana kuma shan danshi. Da damina in ruwan takobin ya zauna a ciki, danshin da tsamin jimar sukan bar masa baƙin tabo da ramuka cikin 'yan makonni. Daga faɗuwar ruwan farko har kaka, a zare shi, a naɗe a tsumman auduga mai ɗan mai, a ajiye kuben a gefe. Amma kuben da aka bari wofi yana tsukewa da hunturu, don haka a fere siririn katako busasshe daidai faɗi da kaurin ruwan a zura a madadinsa. Leda ba wurin ajiya ba ce, gumi take tarawa. In fatar ta bushe tana neman tsagewa, man kaɗanya kamar ƙwayar gero a murza a tafin hannu a shafa sama-sama, sau ɗaya a shekara. In ya yi yawa fatar takan yi baƙi ta saki, ɓera kuma ya same ta.

A ɗakin ƙasa kada a jingina shi da bango ko a ajiye a daɓe, gara tana gama kube da katakon bindiga cikin damina ɗaya. A kafa turaku biyu, a kwantar da shi a kansu da tazarar tafin hannu daga bango, nesa da inda rufi ke yoyo, sama da inda hannun yaro zai kai. Ba a rataye shi da tsohuwar hamila, nauyin yana tsinka zoben kube. A sauko da shi sau ɗaya a wata da damina, sau biyu a duk tsawon rani, a goge a sake mai. Duk wanda ya taɓa ruwan da hannu, a share wurin nan take, domin gishirin gumi yana zana yatsa a jikin ƙarfe cikin 'yan kwanaki. Takardar da aka rubuta awo da tambura da labarin Baba a kanta, a yi mata kwafi biyu: ɗaya a ɗaura a jikin tsumman da zaren auduga, ɗaya a sa cikin takardun gona.